Kafin a Aza Tubali, a Tambayi Ƙasa



An ba ni dama in yi magana a kan halin da ajujuwanmu suke ciki. Zan fara da bangon ajin da nake koyarwa. Ginin bai cika shekara shida ba, amma akwai tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta gangara har ƙasa. Da rani takan buɗe har yaro ya zura yatsa, da damina kuma ta haɗe kamar an ɗinke ta. Sau biyu ana shafe ta da siminti, sau biyu tana dawowa. Kowa ya ce ɗan kwangila ne ya yi ƙwauron siminti, ni ma haka na ɗauka.

A hutun da ya wuce, wata tsohuwar ɗalibata da ke karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi a jami'a ta zo gaishe ni, na nuna mata bangon. Sai ta zagaya bayan ajin, ta ɗebo ƙasa ta jiƙa, ta murza a tafin hannu har ta zama siririn zare, bai kuwa karye ba. Ta ce, "Malam, ko da an cika siminti, wannan bango sai ya tsage. Laka ce a ƙarƙashinsa. In ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga ginin, in ta bushe ta motse ta sake shi." Irin wannan baƙar laka sananniya ce a sassan Borno da Gombe da Adamawa, inda take lalata gidaje da tituna.

Daga hirarmu na fahimci cewa akwai fanni guda da ake koya musu a kan ƙasar da za ta ɗauki gini. Wanda ake ɗauka a matsayin uban fannin shi ne Karl Terzaghi, wanda ya wallafa littafinsa a 1925. Siminti da rodi a masana'anta ake yin su, an san ƙarfinsu tun kafin a saya. Ita kuwa ƙasa yadda Allah ya shimfiɗa ta haka za a same ta: nan marmara, taku ashirin gaba yashi, ƙarƙashinsa kuma laka. Don haka sai an haƙa an duba. A ɗaya daga gwaje-gwajen, akan saki guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 a kan bututun da aka zura cikin rami, a ƙirga bugu nawa zai sa ya nutse santimita 30. Murza zaren nan ma da ta yi gwaji ne da ake yi a ɗakin bincike, inda ake duba yawan ruwan da ke cikin laka a lokacin da zare mai kaurin milimita 3 ya fara farfashewa. Da irin wannan sakamako injiniya yake yanke zurfin harsashi da faɗinsa, ko ya ce a kwashe lakar a zuba marmara a daddaɓe, a kuma janye ruwan sama nesa da gindin bango.

Wahalar koyar da fannin ita ce, a littafi ana ba ɗalibi dukan alƙaluma, amsa kuma guda ɗaya ce. A fili kuwa ramuka uku ko huɗu ne za su ba shi labarin fegi guda, sauran sai ya auna da hankalinsa. Wannan hankali ba ya samuwa a kan allo kaɗai. Gani ya kori ji. Shi ya sa ake kai ɗalibai wuraren aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda aka fara a 1973, kuma ake karantar da su tarihin gine-ginen da ƙasa ta ba kunya. Hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta karkace ne saboda taushin ƙasar da ke ƙarƙashinta. An rufe ta a 1990, injiniyoyi suka riƙa zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ɓangaren da ya fi tudu har karkatar ta ragu, aka sake buɗe ta a 2001.

Wani zai ce ina ruwan malamin firamare da karatun jami'a? Ɗabi'un da injiniyan ƙasa yake rayuwa da su guda uku ne: ya auna daidai, ya rubuta abin da ya gani, ya faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa mai kuɗin daɗi ba. Duka ukun a hannunmu ake fara su. Yaron da muka bari yana gyara amsarsa don ta yi daidai da ta malam, gobe shi ne zai gyara rahoton gwaji don ya yi daidai da son ɗan kwangila. Kuma darasin ba ya buƙatar kuɗi. A zuba ƙasa a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai fara kwantawa, laka ta ɗauki kwana ɗaya ko fiye. A sa kowane yaro ya auna da rula, ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Ba mu manta da ranar 12 ga Yuli, 2024 ba, lokacin da ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu. Allah ya ba iyalansu haƙuri. Dalilan rushewar gini suna da yawa, amma wanda yake tsaye a ƙarƙashin rufin tare da yara kullum, shi ne malami.

Saboda haka ina roƙon wannan reshe abu uku. Na farko, duk inda za a gina sabon aji, mu nemi a nuna wa kwamitin makaranta rahoton gwajin ƙasa mai sa hannun injiniyan da ya yi rajista da hukumar COREN. Na biyu, kowace makaranta ta ware littafi don tsagar bango: a yi alama a ƙarshen tsagar da kwanan wata, a auna faɗinta duk wata. In tana ƙaruwa, a fitar da yara, a kai rahoto a rubuce ga sakataren ilimi, a aiko wa reshe kwafi. Na uku, mu rubuta wa sassan injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha da ke kusa da mu, mu gayyaci ɗalibansu su ɗauki makarantunmu a matsayin aikin bincikensu na ƙarshe, ƙarƙashin kulawar malamansu. Su za su sami ƙasa ta gaske da za su koyi aiki a kanta, mu kuma mu san abin da ke ƙarƙashin yaranmu.

Ni dai na fara nawa littafin, kuma yaran ajina ne suke riƙe rular. Allah ya kare mu da 'ya'yanmu, ya sa albarka a aikinmu.