Labarin Gobe da Ake Yi Don Yau

An daɗe ana yi wa masu karanta ƙagaggun labaran kimiyya da na almara gori, wai mutane ne da duniya ta yi wa zafi suka tsere suka ɓuya a duniyar wata. Abin da na zo in kare a gabanku shi ne akasin haka. Marubucin da ya kai ka shekara dubu gaba, zancen unguwarsa yake yi maka. Ya dai kai shi nesa ne don ido ya gan shi sosai, kamar yadda magini kan ja da baya kafin ya gane inda katanga ta karkace.

Mu fara da H. G. Wells. A 1898 ya fitar da The War of the Worlds, inda wasu halittu daga duniyar Mars suka sauka kusa da garin Woking da injuna masu ƙafa uku, suka tarwatsa sojan Ingila, mutanen Landan suka cika hanyoyi da ƙunshin kayansu. A lokacin Birtaniya ce ke juya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duniya, kuma tun a babin farko Wells ya tuna wa mai karatu yadda Turawa suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya. Wato tambayarsa ga Bature ita ce: in wanda ya fi ka makami ya yi maka abin da kake yi wa wasu, da wane baki za ka yi kuka? Bayan shekara biyar, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun sojan Birtaniya ƙarƙashin Lugga. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa fashin baƙin wannan littafi.

Haka kalmar robot, wadda muke cewa mutum-mutumi. Karel Čapek, ɗan ƙasar Cek, ya shigo da ita cikin wasan kwaikwayonsa R.U.R. a 1920, daga kalmar robota, ma'ana aikin tilas. Tun daga tushe, maganar ma'aikaci da ubangidansa ce, kuma ita ake ci gaba da yi a teburin mai shayi duk lokacin da aka ce ƙirƙirarriyar basira za ta raba akawu da kujerarsa.

Wanda ya fi ba da mamaki shi ne gajeren labarin E. M. Forster na 1909, The Machine Stops. Kowa na zaune shi kaɗai a ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, abinci da kiɗa da magani duk sai dai ya danna maɓalli. Wata mata mai suna Vashti ta san dubban mutane amma ba ta haɗuwa da kowa, daga kujerarta take ba da lacca (kun ga ni ko ba komai na tako da ƙafata). Da ɗanta Kuno ya kira ta, fuskarsa ta bayyana a wani faifai da ke hannunta, ya roƙe ta ta zo su ga juna ido da ido, sai ta ga abin ɓata lokaci ne. Forster bai san intanet ba. Tarho da tangarahu ya gani, ya tambayi kansa inda zumunci zai kwana in aka miƙa shi ga waya.

Wani zai ce ai hasashensu ya sha faɗuwa ƙasa. Gaskiya ne. Jules Verne a 1865 cikin bakin igwa ya harba mutanensa zuwa wata, abin da zai niƙe duk mai rai tun kafin ya bar ƙasa. Amma wannan suka sai ta ci wanda ya ɗauki marubuci a matsayin ɗan duba. George Orwell da ya buga 1984 a 1949, mulkin Stalin da farfagandar yaƙin da ya gani da idonsa yake nufi, kuma wucewar shekarar ba ta rage wa littafin komai ba. Wani kuma zai ce kayan Turawa ne. To Gandoki na Bello Kagara, na 1934, jarumi ne da ya yaƙi Nasara sannan ya bi ta ƙasar aljannu, kuma a 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a wata, Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya.

Sukar da ta fi nauyi, wadda ba zan iya kore ta duka ba, ita ce waɗannan littattafai sun zama sandar da kowa ke ɗauka a musu. Da an kafa kyamara a mararraba sai a ce Orwell, har da wanda bai taɓa buɗe littafin ba. Lokacin da Edward Snowden ya tona asirin leƙen da hukumar tsaron Amurka ke yi wa wayoyin jama'a a 2013, cinikin 1984 ya tashi, kuma da hujja. Sai dai mai karatu na gaske ya san Aldous Huxley ya riga Orwell da wani tsoron daban a Brave New World na 1932, inda ba a mulkin mutane da bulala sai da daɗi da nishaɗi da ƙwayar kwantar da hankali. A ɗakin Winston Smith, jarumin 1984, hukuma ce ta liƙa allon da ke kallonsa, kuma ba shi da ikon kashe shi. Namu allon mu muka saye shi da kuɗinmu, muna kuma biyan mai caji don kada ya mutu.