Pocahontas ta katun da ta gaskiya: me za mu gaya wa yara?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ta hana su saurare.

Ranar Juma'a ɗiyar yayata, 'yar shekara 9, ta gama kallon katun ɗin Pocahontas, wanda Disney ya fitar a 1995. Sai ta juyo ta ce, "Kawu, wai da gaske ne? Ta auri John Smith daga baya?" Wallahi sai na yi turus. In na ce eh, na yi mata ƙarya. In kuma na zazzage mata komai, akwai yunwa, akwai garkuwa da mutane, akwai kisa.

To bari mu fara da abin da ya faru. A watan Mayun 1607 Turawan Ingila 104, maza da samari zalla, suka sauka a wurin da yau ake kira jihar Virginia a Amurka, suka kafa sansani suka sa masa suna Jamestown. Kamfanin 'yan kasuwa ne daga Landan ya turo su neman zinare da riba. Wurin fa ba daji ba ne. Ƙasar mutane ce, sunanta Tsenacommacah, da ƙabilu kusan 30 ƙarƙashin babban sarki Wahunsenacah, wanda Turawa suka fi sani da Powhatan. Pocahontas 'yarsa ce. A lokacin ba ta wuce shekara 11 ba, shi kuwa Smith yana da 27. Kun ga ke nan zancen soyayya ya faɗi. Ita yarinya ce da ke rakiyar masu kawo wa baƙi abinci.

Smith ya koma Ingila a 1609. A 1613 wani kyaftin mai suna Samuel Argall ya sace Pocahontas ya yi garkuwa da ita don a matsa wa mahaifinta. A hannunsu aka mayar da ita Kirista, aka sa mata Rebecca, ta auri wani manomin taba, John Rolfe, a 1614. An kai ta Landan a 1616 don a nuna wa masu zuba jari. A 1617, suna hanyar komawa gida, ta rasu a garin Gravesend, tana da shekara 20 da 'yan kai.

Yanzu yaya za a ba yaro wannan labari? Ga abin da na gwada.

Na farko, kar ka fara da jirgin ruwa. Fara da mutanen da ke bakin kogi suna noman masara, wake da kabewa. Ka tuna yadda za ka ji in aka ce tarihin Kano ya fara ne ranar da sojojin Ingila suka shigo a 1903. Haka su ma.

Na biyu, ka riƙe maganar masara, domin yaro ya san masara, ya san yunwa. Asalin masarar da muke gasawa ma daga nahiyar can ta fito. Na tambaye ta, "In baƙo ya zo kuka ba shi abinci, gobe ya dawo, jibi ya dawo da bindiga, ga shi ana fari, ya za ku yi?" Haka aka yi. Shekarun nan an sha fari mai tsanani, baƙi suka fara ƙwace da ƙona garuruwa, mutanen Powhatan suka yi wa sansanin ƙawanya. A hunturun 1609 zuwa 1610 Turawa suka ci dawakai, karnuka da ɓeraye, kusan 60 kacal suka rage.

Na uku, kar ka ɓoye ɗaya gefen. A 1622, bayan gonakin taba sun cinye filaye, Opechancanough, wanda ya jagoranci mutanen bayan rasuwar Powhatan, ya kai hari aka kashe Turawa 347, har da mata da yara. Ramuwar da ta biyo baya ta ɗauki shekaru. Ba sai ka zayyana wa yaro jini ba, amma ya san an mutu ta kowane ɓangare, ya kuma san wa ya rasa ƙasarsa.

Na huɗu, koya masa ya tambayi wa ya ba da labari. Zancen cewa Pocahontas ta ceci ran Smith, shi Smith ne ya buga shi a littafi a 1624, bayan ta rasu, kuma har yau masana tarihi na ja a kai. Ita ba ta bar mana ko layi ɗaya da hannunta ba.

Ƙarshe dai na gaya wa ɗiyar tamu cewa jikokin mutanen nan suna nan, ƙabilun Pamunkey da Mattaponi na zaune a Virginia har yau. Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, to ita ta so zuwa Landan ɗin?" Na ce mata wannan tambayar ita ce ba wanda ya rubuta amsarta.

Ku gwada da naku ƙannen, ku faɗa mana me suka tambaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.