Kalangu da Wasan Kasuwa: Koyar da Sinanci a Ajin Bakin Iyaka



Wani zai ce me ya haɗa mutumin Jibiya da Sinanci, alhali Faransancin da ke tsallaken iyaka ma bai gama ji ba? To, ai Sinawan sun iso mu. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da nan Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke aikin, amma kamfanin CCCC na ƙasar Sin yana da babban kaso a cikin Mota-Engil ɗin. Jami'ar Sufuri ta Daura kuwa kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina ta. Sinawan ma sun riga mu shiri: tun 1963 gidan rediyonsu ke watsa shirye-shirye da Hausa, kuma a Beijing akwai jami'ar da ke koyar da ita. Mu kuwa, cibiyoyin Confucius na farko masu koyar da Sinanci a Najeriya suna Awka da Legas. Wa ya ga nisa!

Abin da ya fi ba mai koyon Sinanci wuya shi ne karin sauti, don guda huɗu ne a harshen. A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, domin da kari aka haife shi. Yaro ɗan shekara biyar ya san bambancin kukan da jariri ke yi da kukar da ake miya da ita, ba tare da an koya masa ba. Kunnen yana nan, aikin malami kawai ya farkar da shi.

Sai dai a nan nake da ja da masu cewa waƙa ita ce maganin komai. Waƙa tana da amfani, ba shakka. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san abin da aka rera ya fi abin da aka faɗa zama a ƙwaƙwalwa. Ƙirge, ranakun mako, sunayen dangi, duk a rera su da tafi, yara za su haddace. Amma yawancin waƙoƙin Sinanci na zamani ba sa bin karin magana, amon kiɗan ne ke danne shi. Yaro zai rera baiti goma tsaf, ya buɗe baki zai gai da Basine, mutumin ya tsaya yana kallonsa.

Shi ya sa na fi son kalangu. Kalangu yana bin hawa da saukar murya. Makaɗi ya matse tsirkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka. A kaɗa kari, yara su maimaita da baki, sannan a ɗora kalma.

Daga nan sai wasan kwaikwayo, wanda ba baƙonmu ba ne: muna da tashe, mun karanta Shu'aibu Maƙarfi. A jawo benci biyu a tsakiyar aji, a jera kwalin ashana, tsohuwar waya da 'yan ƙyallaye. Yarinya ɗaya ita ce mai shago a Guangzhou, yaro ɗaya shi ne ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je sari. A Sinanci, "saya" da "sayarwa" gaɓa ɗaya ce, wato "mai", kari ne kaɗai ya raba su: ɗaya ya nutsa ya taso, ɗaya ya faɗo. Idan yaron ya kuskure, ya ce ya zo sayarwa, mai shago ta kore shi, aji ya fashe da dariya. Ba zai sake mantawa ba, kuma ba a taɓa shi da bulala ba.

Na san akwai iyayen da ba sa son jin ganga a makaranta. A mutunta ra'ayinsu. Tafi da bugun tebur sun wadatar. Kuma kada a yaudari kowa: wasa ba ya koyar da rubutun Sinanci, wannan sai zama da alƙalami.

Kirana ga hukumomin ilimi na Jihar Katsina shi ne su fara tura matasan malamanmu Hausawa su koyo harshen, su dawo su koyar da shi da kayan gida. Ku kuma iyaye, idan an buɗe ajin, ku bar 'ya'yanku su shiga, maza da mata.