Linzamin zuciya: kamun kai a rayuwar Kirista

Gaisuwa ga makiyayan da ke mashekari, da direbobin da ke bin layi a Seme, da 'yan kasuwar Dantokpa, da dukan mutanenmu na unguwar Zongo a nan Kwatano. Filin namu na Kirista ne, amma maƙwabtanmu Musulmi, ku ma ku matso kusa, don zuciya ba ta tambayar addinin mutum kafin ta tafasa.

Kwanan baya ina tsaye a Zongo, ba nisa da babban masallaci, sai wani ɗan'uwa da ya zo sarin atamfa daga arewacin Najeriya ya samu saɓani da ɗan canji. Ya ba da naira, an ƙirga masa sefa, ya ce saura jaka biyar. Ɗan canji ya ce lissafi ya cika. Kafin ka ce kwabo an ci kwala, 'yan zemijan sun kewaye su, 'yan sanda suka kwashe su duka biyun. Kwana biyu ya yi a hannu, motar da zai bi ta tafi ta bar shi, abin da ya kashe kuwa ya ninka jaka biyar ɗin sau da yawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar wani dattijo a wurin: "Wai ba shi ne mai zuwa coci ba?" Ka ji fa. Minti guda na fushi, ya zubar da kuɗinsa, ya haɗa da sunan bangaskiyarsa.

Na san ana cikin matsi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe Seme ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ta tsaya cik, mutane suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale. Kaya sun yi tsada, riba ta ragu, kowa ransa a wuya. To, a irin wannan lokaci ne ake gane wanda linzaminsa ke hannunsa.

A wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura 5, aya 22 da 23, an jera halaye 9 da Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa a cikin mai bi, kamun kai ne na tara. Lura da kyau, an kira su 'ya'yan itace. Ɗan itace ba a ɗaura shi a reshe da igiya, daga saiwa yake fitowa. Saboda haka wanda ya bar addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, ya ce da ƙarfin kansa zai danne zuciya, zai danne ta yau, gobe ta ƙwace. Karin Magana 25:28 kuma ta kamanta marar kamun kai da garin da ganuwarsa ta rushe. Wanda ya san Kano ko Katsina ya san aikin ganuwa: in ta faɗi, kowane ɓarawo ƙofa gare shi.

Makiyayi ɗan'uwana, wannan naka ne. A Farawa sura 13, dabbobin Ibrahim da na Lutu suka yi yawa, makiyaya ta yi musu kaɗan, masu kiwonsu suka fara faɗa. Ibrahim ne babba, Lutu ɗan ɗan'uwansa ne, da ya ga dama sai ya ce yaro ya tashi. Amma ya bar wa Lutu zaɓi, Lutu ya ɗauki kwarin Urdun mai ruwa, Ibrahim ya kama ɗaya ɓangaren, kuma bai tsiyace ba. A sura 26, Ishaku ya haƙa rijiya makiyayan Gerar suka ce tasu ce, ya haƙa ta biyu suka sake tayar da rigima, ya matsa gaba ya haƙa ta uku, a nan ya samu sakewa. Rijiya biyu ya rasa, amma ko mutum ɗaya bai binne ba. In manomi ya tare maka burtali, ka tuna lissafin Ishaku kafin hannunka ya kai ga sanda.

Ko bawan Allah ma zuciya na iya ɗibarsa. A 1 Sama'ila sura 25, Nabal, mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, ya yi wa manzannin Dawuda baƙar magana, bayan mutanen Dawuda sun tsare masa garke a jeji. Dawuda ya ɗebi mutum 400 da takubba. Matar Nabal, Abigel, ita ta tare shi a hanya da abinci da magana mai sanyi, ya sauko, har ya gode wa Allah da ya hana shi zubar da jini. Kowa na bukatar Abigel ɗinsa. In matarka ko abokin tafiyarka ya riƙe maka riga ya ce bari, kada ka fizge.

'Yan kasuwa, namu gwajin sau da yawa a baki yake da aljihu. Yakubu sura 3 ta kwatanta harshe da linzamin doki da ɗan ƙyastun da ke cinye daji. Baki shi ke yanka wuya, a wajen ciniki ko a gaban jami'in kwastan. Sai aljihu: ka sayar da shanu ko kaya, kuɗi sun shigo, kana garin da ba mai saninka, ga giya, ga caca a cikin waya, ga matan banza. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon abinci guda saboda yunwar yini ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ka tura kuɗin gida tun rana ba ta faɗi ba, ka riƙe na mota da na abinci kawai.

Wani zai ce, to a cuce ni in yi shiru? A'a. A Ayyukan Manzanni sura 22, da za a yi wa Bulus bulala, ya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Rum, aka fasa. Da hujja ya nema, bai zagi kowa ba. Kai ma ka ƙirga kuɗinka sau biyu a gaban ɗan canji kafin ka sa a aljihu. In magana ta taso, ka nemi shaida, ka kai wa shugabannin kasuwa ko mai unguwa. Makiyayi ya kai wa arɗo. Bulus kansa, a Afisawa 4:26, ya ba fushi wa'adi zuwa faɗuwar rana. Kada ka kai shi kan katifa.

A wannan mako ka zaɓi abu guda da ke yawan ƙwace maka, harshe ne, fushi ne, ko kwalba, ka kai shi gaban Allah kowace safiya, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi ya riƙa tambayarka. In ka faɗi, ka tashi ka nemi gafara wurin wanda ka ɓata wa, ko da ɗan canji ne a bakin titi.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya tsare garke da dukiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, ku huta lafiya.