Motar Kara da Yaron da ke Gefen Dandali

 

Kusan kowace unguwa tana da shi: yaron da in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido, sai ya wuni yana jera murafen kwalba. Wasu su ce aljanu, wasu su ce rashin tarbiyya, uwa ta kwana da kuka. Likitoci suna kiran wannan yanayi otizim, a rediyo kuma mukan ji galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100. Yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne, ba laifin uwa ba.

Abin da ke yi wa yaron nan wuya shi ne jiran layi, gane fuskar aboki, da sanin lokacin magana. Mu a dandali muka koyi waɗannan, ba a aji ba. To amma dandalin dare ya yi rauni a ƙasar nan. Tun daren da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, wace uwa ce ke sakin ɗa bayan isha'i? Abin da ya rage mana shi ne tsakanin tashi daga Islamiyya da magariba.

A 2004 wani masani, Daniel LeGoff, ya wallafa aikinsa kan haɗa irin waɗannan yara su yi gini da Lego, wato ƙananan tubalan roba na wasan yara. Yadda aka tsara wasan, ɗaya yana faɗin abin da za a gina, ɗaya yana miƙo kaya, ɗaya yana haɗawa. Babu mai gamawa shi kaɗai, dole a yi magana. Mu ba mu da Lego, amma bayan girbi karan dawa har turmusa shi muke yi. A zaunar da yara uku su ƙera motar kara: wannan ya ce taya huɗu, wancan ya fere, na ukun ya soka. Gobe a sauya. Na fi son wannan da komai, domin idon yaron yana kan karan, ba a tilasta masa kallon fuskar kowa ba, amma yana cikin mutane.

Dara da carafke ma suna da kyau, ƙa'idarsu ba ta canzawa, kuma yaran nan suna son abin da ba ya canzawa. Langa kuwa a yi hattara, akwai ture-ture, tafin gaɗa ma yakan yi wa wasu ƙara har su toshe kunne. In yaro ya toshe, a bar shi ya koma gindin bishiya ya huta, kada a yi masa ihu, kada a bar sa'o'insa su yi masa waƙar tsokana.

Malam, kai da ke tashin yara da la'asar, roƙona gare ka yake: rabin awa, yara uku, wuri ɗaya kullum, da babba guda yana zaune kusa.