Uban Daba A Littafi, Gwarzo A Fim

 Yau musun 'yan kallo za mu taɓa, irin na majalisun Sabon Garin Gusau. Mario Puzo ya fitar da littafin The Godfather a 1969, Francis Ford Coppola ya mai da shi fim a 1972, Ram Gopal Varma kuma ya bi sawunsa da Sarkar na Amitabh Bachchan a 2005.

Wasu sun ce Coppola ya fi, don Michael ya faro yaron kirki, ya ƙare yana yi wa matarsa ƙarya ido da ido. Kana gamawa jikinka ya yi sanyi. Wasu kuma Sarkar suke so, wai in hukuma ta gaza, talaka na samun adalci a gidansa.

To nan fa tsorona yake. Mu da ke bin hanyar Tsafe da addu'a a baki, mun san yadda mai bindiga ke farawa da sunan rama wa talaka, ya ƙare da ɗora wa manomi haraji.

Daraktocin Kannywood, in za ku ɗauko littafi irin Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, don Allah ku nuna mana kukan marayu, kar ku tsaya kan kwarjinin ogan.

Ku aiko da ra'ayinku. Sai mako mai zuwa.