Calcareous: Kalmar Alli da Farar Ƙasa

Akwai kalmar Turanci da ke rikita ɗaliban aikin gona: calcareous. Asalinta Latin ne, calx, wato farar ƙasa.

Da ita ake siffanta duk abin da sinadarin alli ya yi yawa a cikinsa: ƙasar gona, ɓawon ƙwai, fararen tsaunukan Dover na gaɓar tekun Ingila, har dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti. Ba kasafai Bature kan furta ta a hira ba, sai a littafi ko bakin malami.

Gwajin gane ko dutse na da alli ma a gida ake yi. Daka ɗan dutsen, ka matsa masa lemun tsami, ka zuba ido. In yana da alli, kumfa za ta taso.